Masu tambayata kan shugabancin ƙungiyar kula da gulbi, ga amsarku a wuri guda

Salamu alaikum. Tun ranar da na faɗa wurin taro cewa bana zan sauka daga shugabancin ƙungiyarmu ta masu kula da Gulbin Maraɗi wayata ba ta huta ba, kuma tambayoyin duk iri guda ne, wanda na ba amsa da safe shi ne zai sake aiko min da murya a WhatsApp bayan isha'i. Shekara biyar ina maimaita magana guda. To ga su nan na tara, don Allah a karanta har ƙasa kafin a kira ni.

Nawa ake biyan shugaba?

Ko dala. Man babur ɗinka ma daga aljihunka zai fita.

Ba wani furoje ne a bayanku ba?

Babu. Abin da ke cikin asusu karo-karo ne na mambobi, ma'aji ke riƙe da shi ba shugaba ba, kuma duk taro ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita gaban kowa. An taɓa kiranmu wani horo anka ba da kuɗin zama, satin da ya biyo tabarma ba ta ishe mu ba don yawan sababbin mambobi, da anka ce ranar Asabar za a kwashe shara bakin gaɓa mu bakwai munka fito. In wannan ne ya kawo ka gara ka faɗa tun yanzu mu huta da juna.

Gulbin da ya fi rabin shekara babu ruwa, mi ake kula da shi?

Wannan tambayar tana ɓata min rai in ta fito bakin ɗan Maraɗi. Ɗan'uwa, tumatir da albasa da zogalen da kake saye kasuwa cikin rani da wane ruwa anka yi su? Je ka garaken Jiratawa ko Tarna ka leƙa rijiya. Ruwan da ya wuce da damina bai tafi duka ba, ya nutse ƙarƙashin rairai yana kwance, shi masu garka ke ja da inji har wata damina ta zagayo. Gulbin daga ƙasar Katsina ta Najeriya yake tasowa, can Gada suke ce mishi, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya bi gefen Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji sannan ya koma Najeriya ya haɗu da Rima. Kuma aikinmu bai tsaya cikin kwarin kaɗai ba, duk inda ruwan sama zai sauka ya gangaro gulbi wurinmu ne, jigawar da ke bisa, kwazazzabon da ke cin gonaki, har kaniwo, wato magudanar ruwan ƙofar gidanka.

Garin nan ma da kake zaune bisa tudu gulbin ne ya hau da shi. A 1945 ruwa ya ci tsohon gari da ke cikin fadama, shi ya sa anka tashi anka dawo sama. Tambayi tsofaffin unguwar Bagalam ko Mokoyo.

Dole sai wanda ya yi lakwal?

A'a. Sakatare ne ya kamata ya iya rubuta wasiƙa da Faransanci saboda meri, wato ofishin magajin gari, da sauran ofisoshi. Shugaba ƙafa ake so gare shi da haƙuri, da fuskar da masu gona sunka sani.

Mace za ta iya?

Za ta iya. Su wa ke ban ruwan ƴan itatuwan da muke renawa tun Afirilu? Ku daina kawo min wannan.

Ai dam ɗin Jibiya ne ya kashe gulbin, mu mi za mu iya?

Gaskiya ne tun da anka datse ruwan a Jibiya, can Najeriya, zuwansa ya canza, manoman fadama da sunka manyanta duk za su faɗa maka da ruwa na malala ya kwanta cikin gonaki ya bar musu laka mai kyau, yanzu ba kullum ba. Kuma akwai yarjejeniya tsakanin Nijar da Najeriya da anka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da ƙasashen biyu sunka haɗa, Gulbin Maraɗi na cikinta. Wannan maganar gwamnatoci ce, in an tambaye mu za mu faɗi abin da idonmu ya gani. Amma mutanen Jibiya ba su ne ke juye shara cikin kwazazzabon unguwarmu da dare ba, ba su ne sunka sare gawo da bagaruwar bakin gaɓa ba. Ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama ya sauka garin nan kamar da bakin ƙwarya, gidaje sunka faɗi, mutane sunka rasu, Allah ya jiƙansu, kuma duk wanda ya fita washegari ya ga abin da ke cushe cikin kaniwo. Leda ce da tsumma da robobi. Tun 2014 akwai dokar da ta hana ledar nan mara kauri a Nijar, amma je ka sayi ƙosai na dala ashirin ka ga cikin mi za a sa maka.

Na iske mai amalanke yana ɗibar rairai daidai gindin gaɓa, mi zan yi?

To nan zan daɗe, don wannan ita ce tambayar da ta fi kowace wuya, kuma wanda zai gaje ni da ita zai kwana yana tashi.

Abu na farko, ba ka da ikon kama kowa, ba ka da ikon cin kowa tara, ba ka da ikon karɓe shebur ko riƙe jakin mutum. Kai ɗan sa kai ne. Masu kaki na gandun daji da meri su ke da wannan hurumin. Na faɗi haka ne don ni na taɓa yin kuskuren, shekarar da na fara, na iske wani dattijo da yaronsa sun ci gindin gaɓa har saiwar wata tsamiya ta fito fili tana lilo, raina ya ɓaci na fizge shebur ɗin daga hannun yaron. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce min "ɗana, in ka riƙe wannan, yau mi za su ci a gida?" Na mayar musu, amma magana ta riga ta zaga ƙauyen cewa ƴan birni sun zo hana talaka neman abinci, kuma damina biyu ba wanda ya ba mu ko gefen gona mu dasa gamba a wajen. Har yau ina jin ciwon wannan ranar.

Saboda haka ka fara da sallama, ka ce baba sannu da aiki, ka tsaya ka duba inda yake ɗiba. Don ba duka ɗaya ba ne. Rairan da ruwa ya tara tsakiyar gulbi inda ya yi tudu, ɗibarsa da amalanke bai kai haɗarin na gindin gaɓa ba, wani wurin ma yana buɗe wa ruwa hanya, ko da yake shi ma in anka yi ta ƙwaƙula har anka kai ga laka an rage abin da ke riƙe ruwan rijiyoyin garka, don haka ban ce a je a kwashe ba. Na gindin gaɓa kuwa shi ne masifar, ka cire abin da ke tallafe da ƙasar sama, ruwan farko in ya zo da ƙarfi sai ya shiga ramin ya yi ta juyawa, gaɓa ta zube da itacenta da kadadar wani bawan Allah. Sau da yawa in ka nuna mishi wannan da hannu, ka ce ga can tsakiya, zai ce maka jakinsa ba ya iya jan kaya cikin rairai mai zurfi, kuma gaskiya ya faɗa. Nan ne aikin yake. Wani lokaci mafita ita ce a yi gayya a gyara musu mashiga guda mai tauri da amalanke zai bi ya sauka, kowa ya bi ta nan a bar sauran gaɓar ta huta. Mun yi haka wuri guda ya yi kyau, mun gwada wani wurin bai yi ba saboda mai gonar da hanyar za ta bi ya ƙi, kuma yana da gaskiyarsa shi ma.

Sannan ka san ƙasar wa ce. Wani lokacin mai gonar ne da kansa ya sayar da rairan gefen gonarsa, ya karɓi ƴan jikkuna yau, baɗi gulbi ya cinye mishi abin da ya fi haka, da na maƙwabcinsa da bai ci ko sisi ba. Irin wannan kada ka shiga tsakani kai kaɗai. Ka kai maganar wurin mai gari, cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe ga abin da munka gani, a kira su a zauna. In ta shafi iyakar gona ko burtali ko mashayar dabbobi akwai kwamitin kula da filaye, Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta kawo, daga ƙauye har zuwa kwamin, aikinsu ke nan. In anka bi wannan duka mutum ya ƙi ji, sannan a rubuta wa meri da gandun daji, da sunan ƙungiya da sa hannun sakatare, ba da sunanka kai kaɗai ba.

In kamyo ne ba amalanke ba, magana ta canza. Kada ka tsaya gaban mota, kada ka yi cacar baki da direba ko yaran mota, su ma aiko su anka yi. Rubuta rana da wuri da sau nawa ya yi sawu, ka ɗauki hoton ramin, ka kawo taro. Kuma hoton ramin na ce. Kada ka ɗauki fuskar mutum ka watsa Facebook, ranar da ka yi haka ka rufe ƙofar sulhu, kuma shi da danginsa za ku haɗu wurin suna da jana'iza.

Abin da nake so wanda zai karɓa ya riƙe a ransa shi ne rairan nan gidajenmu yake zuwa. Duk bulon da anka buga a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo da rairai anka buga shi. Ni ma da na yi katangar gidana saye na yi, kuma lokacin ban tambayi daga ina anka ɗebo ba. Yanzu ina tambaya, kuma ina roƙon duk mai gini ya tambaya.

Mi ya sa ba ku dasa itace da yawa ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace, kamar kowa?

Muna dasawa, amma daidai wanda za mu iya yi wa shinge da ban ruwa har ya wuce bakin akuya. Koma wuraren da anka yi bikin dashe bara ka ƙirga masu rai. Mun fi ba da ƙarfi ga sassabin zamani, wato in kana sharar gona ka bar kututturen kalgo ko sabara ko gawo da ya toho, ka zaɓi rassa biyu uku masu ƙarfi ka sassabe sauran. Saiwarsa ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ya son ban ruwa. A jihar nan tamu anka fara yaɗa shi cikin shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, yau daga wasu ƙasashe ake zuwa gani, mu kuma da muke da shi a gida sai an roƙe mu. Jigawar da ke da itace ruwa ba ya gudu a kanta da ƙarfi, kwazazzabo ba ya samun abin ci, rairai ba ya cika tafkin Madarunfa.

Kuna da takardar rajistar ƙungiya?

Muna da ita. Tana wurin sakatare, mai son gani ya zo taro.

Ina so in tsaya amma ina tsoron in kasa.

Ƙanena kwantar da hankalinka. Ba wanda ya ce ka san sunan kowace ciyawa ko ka iya jawabi gaban gwamna. Ka riƙa zuwa kafin kowa, ka san wane mai gona ke fushi da wane, in ka ce Asabar ta zama Asabar, in mutum uku sunka fito ku yi aikin mutum uku ku koma gida ba tare da ka zagi waɗanda ba su zo ba. Za a ce kana cin kuɗi, an faɗa min ni ma, littafin ma'aji ne zai wanke ka. Kuma ban ce zan bar ƙungiya ba, kujera kawai zan bari, duk inda za ka gaida mai gari karon farko tare za mu tafi in gabatar da kai.

Yaushe ne zaɓen?

Bayan girbi, in kowa ya ɗaure hatsinsa, za a sanar a gurup. Kafin nan Asabar mai zuwa bayan sallar asuba muna inda munka saba haɗuwa, akwai gamba da za a dasa bakin kwazazzabon da ya buɗe bara. A zo da shebur da buhu, wanda ke da baro ya taimaka ya turo shi.