Karen da ba ya haushi: abin da mai kiwon Basenji ya kamata ya sani

A asibitin dabbobin da nake aiki a birnin Kano, mun fara ganin wani ɗan matsakaicin kare mai tsayayyun kunnuwa da yamutsattsen goshi, wutsiyarsa a nannaɗe bisa gadon baya. Sunansa Basenji, asalinsa kuwa dazuzzukan Kwango ne, inda mafarauta suka daɗe suna amfani da shi wajen koro namun daji zuwa cikin raga. Yana daga cikin tsofaffin irin karnuka waɗanda ɗan Adam bai sauya musu halitta sosai ba, shi ya sa har yau ɗabi'ar daji ba ta rabu da shi ba. Karyar ma sau ɗaya take neman barbara a shekara, alhali galibin karnuka sau biyu ne.

Kwanaki wani magidanci daga Hotoro ya kawo nasa, ransa a ɓace, ya ce: "Likita, mako uku ke nan ban ji ya yi haushi ba, a duba masa maƙogwaro." Na ce masa: "Alhaji, lafiyarsa ƙalau, haka Allah ya halicce shi." Basenji ba ya haushi irin na sauran karnuka, sai dai wani kuka mai kama da guɗa, saboda haka wanda ya saye shi domin gadi ya yi asarar kuɗinsa, don nauyinsa ma bai cika wuce kilo 11 ba.

Kare ne mai tsafta, yana lashe jikinsa kamar kyanwa, ba ya kuma yawan wari. Amma yana da taurin kai, idan ya hango kaza ko ɗan akuya kiran maigidansa ba ya tsayar da shi, kuma gwani ne wajen hawa shinge. Dole a yi masa katanga mai tsayi, a riƙa zagayawa da shi da igiya safe da yamma, in ba haka ba zaman wuri ɗaya zai sa ya yayyage tabarma da takalman gida. Gashinsa gajere ne, don haka sanyin hunturu na Disamba da Janairu yana wahalar da shi, sai a shimfiɗa masa buhu a inda iska ba ta kaɗawa.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne zaton cewa kare mai asalin daji ba ya buƙatar allura, zaton da ake yi wa karnukanmu na gida ma. Karnukan Basenji na farkon da aka kai Ingila cuta ce ta kashe su, sai a shekarun 1930 kiwonsu ya kankama a can. A yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare yana da wata 3, a maimaita kowace shekara, a ba shi maganin tsutsar ciki, a riƙa duba kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu. Akwai kuma ciwon ƙoda na gado mai suna Fanconi, wanda yakan bayyana tsakanin shekara 4 zuwa 8. Idan kare ya fara yawan shan ruwa da yawan fitsari yana ramewa, kada a ɗora wa zafin bazara laifi, a kawo shi a gwada fitsarinsa a ga ko akwai sukari a ciki.