Gizo na Ƙoƙi: tambayoyi da amsoshi ga mai son ƙulla tatsuniyarsa

Iyaye masu ba yara labari da dare, malaman firamare, da matasa masu shirya wasan rediyo ko katun sukan kawo tambayoyi iri ɗaya game da Gizo. Kowa ya san sunansa, amma idan aka ce a zauna a tsara labarinsa sai a ga ya fito salam. Ga amsoshin tambayoyin da suka fi yawa.

Gizo ƙwaro ne, mutum ne, ko aljani?

Tatsuniya ba ta taɓa tsayawa ta yanke hukunci ba, kuma bai kamata mai ba da labari ya yanke ba. Yana da gida da mata, yana noma, yana zuwa fada ya faɗi gaban sarki, yana neman auren gimbiya. Amma da zarar ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya haye bango ya maƙale a rufin ɗaki ko ya shige tsagin itace. Wannan zama tsakanin mutum da ƙwaro shi ne makaminsa na ƙarshe. Mai zanen katun da ya ba shi siffa guda tak, ko ƙafa takwas kullum ko riga da hula kullum, ya toshe masa hanyar gudu. Gara a bar shi da siffar mutum a yawancin labarin, a ajiye ta gizo-gizo sai lokacin tsira.

Me ke sa shi haddasa fitina?

Ciki. Kusan duk tatsuniyar Gizo mai kyau da yunwa take farawa: an yi fari, rumbu ya ƙare, ko ya hango wani yana cin abin da shi ba shi da shi. Bayan yunwa sai lalaci, domin yana son tuwo amma ba ya son fartanya. Na uku son girma, kamar auren 'yar sarki. Gizo ba ya cuta don cutar kawai, wannan aikin Dodo ne. Idan marubuci ya sa shi ƙona gari ba tare da ko loma ɗaya ta shiga bakinsa ba, ya rubuta mugu ne kawai, kuma yara za su daina dariya.

Yaya ake jera labarin daga farko zuwa ƙarshe?

Labarin Giwa da Dorina ya isa misali, domin duk gaɓoɓin suna ciki. Ana farawa da buƙata: yunwa ta shigo, gidan Gizo babu ko ƙwayar hatsi. Sai a kawo mai abu, wanda ya fi Gizo ƙarfi nesa ba kusa ba. Gizo ya je wurin Giwa ya karɓo abinci da alkawarin zai biya da doki, ya gangara kogi ya yi wa Dorina irin wannan alkawari. A nan dole mai sauraro ya san Gizo ba shi da ko jaki, in ba haka ba babu abin da zai sa ya ƙagu ya ji yadda za ta kaya.

Gaɓa ta gaba ita ce ranar biya. Gizo ya samo doguwar igiya, ya miƙa wa Giwa baki ɗaya ya ce dokin na ɗaure a can, sai dai yana da taurin kai, ta ja da ƙarfi. Ya kai wa Dorina ɗaya bakin ya faɗa mata haka. Suka wuni suna jan juna, kowace na mamakin ƙarfin dokin, daji ya rabu da itatuwansa, kogi ya dagule. A lura da kayan aikin: igiya ɗaya da ƙarya ɗaya da aka faɗa sau biyu. Dabarar Gizo kullum mai arha ce, kuma ƙarfin wanda aka yaudara ne ke yin aikin. Giwa ba ta yarda akwai abin da zai gagare ta ja ba, shi ya sa ba ta bi igiyar ta duba ba.

Daga nan asiri ya tonu, suka bi igiya suka haɗu, suka shiga nemansa. Gaɓar ƙarshe tsira ce, kuma tana da farashi: ya sha da ƙyar, ya koma zaman ɓuya a lungu. Ga yara 'yan ƙasa da shekara 10, dabara ɗaya da tsira ɗaya sun wadatar, minti 5 zuwa 10. Manya za su iya ɗaukar dabara biyu ko uku a jere.

Da wa ya fi dacewa a haɗa shi?

Kowace dabba da ƙofar da ake shigar mata. Kura kwaɗayi da tsoro ne, don haka ita ce abokiyar tafiyar da ta fi ba da dariya. A labarin da suka shiga cikin saniyar sarki suna yankar nama, an gargaɗe ta kada ta taɓa zuciya, ta taɓa, saniya ta faɗi, ita ta sha duka. Zaki girman kai ne, da kirari ake kama shi. Dila shi ne malamin daji, ba a yi masa wayo da sauƙi, saboda haka a ajiye shi sai ana son Gizo ya kwashi kashinsa a hannu. Ƙoƙi matarsa kuwa ba ado ba ce. Ita ake aika ɗebo wuta a maƙwabta don ta leƙo abin da ake dafawa, ita ke gargaɗi a ƙi ji, wani lokaci ita da 'ya'yanta ne yake ɓoye wa abinci. Labarin da aka cire ta yakan rasa wanda zai faɗi abin da mai sauraro ke faɗa a ransa.

Idan ana son dabbobi da yawa, tsarin gayya ne ya fi: Gizo ya gayyaci zakara noma, ya gayyaci muzuru, sai kare, sai kura, sai damisa, sai zaki, kowa ya zo ya tarar da abincinsa a gona. Jerin nan ba a hargitsa shi. Duk wanda ya shigo sai ya kasance mai iya cinye na gabansa, kuma kowa sai ya roƙi Gizo kada ya gayyato maƙiyinsa, Gizo ya rantse.

Ina wurin abubuwan al'ajabi a ciki?

A duniyar suke, ba a hannun Gizo ba. Dabbobi na magana, akwai gari a ƙarƙashin ruwa, ƙofa na buɗewa da kalma, amma shi ba ya da tsafin kansa. Aro yake yi ko sata, kuma kowane abin al'ajabi yana zuwa da sharaɗi guda wanda kwaɗayi zai sa ya karya.

Dubi labarinsa da hankaki. Sun san wani ɓaure a tsakiyar ruwa, ya nace sai sun tafi da shi. Kowace ta cire gashi ɗaya ta ba shi har ya sami fukafuki. Da aka sauka a kan ɓauren, duk wanda wata ta miƙa baki za ta tsinka sai ya ce shi ya riga gani, ya cusa a jaka. Suka yi shiru, kowace ta zare gashinta, suka tashi suka bar shi. Ya faɗa ruwa, ya iske kadoji, ya fashe da kuka wai shi ɗan'uwansu ne da ya ɓata tun yana ƙarami. Suka sauke shi a ɗakin ƙwai, ya kwana yana gasawa yana ci. Fukafukin aro ne, ana iya karɓewa, kuma mai sauraro ya ga lokacin da aka ba shi gashi ɗaya-ɗaya, don haka bai yi mamakin zarewa ɗaya-ɗaya ba. Ƙa'idar ke nan ga mai ƙirƙirar sabon labari: a faɗi sharaɗin a fili tun da wuri, sau ɗaya, da bakin mai abin. Idan sai a ƙarshe aka fito da wata laya da ba a taɓa ambata ba don a cece shi, an cuci labarin.

Yaya ake yin muryarsa?

Gizo na da tsamin baki. Ra da la sukan koma ya, sa takan koma sha. Sarki ya zama "shayki", "ranka ya daɗe" ya zama "yanka ya daɗe", kuma yara kan kwashe da dariya jin an gaida sarki da yanka. Kuskuren da aka fi yi shi ne murɗe kowace kalma har a kasa gane zancen, musamman a rediyo inda babu fuska. Kalma biyu ko uku a jimla sun isa. Kuma wurin da yake shimfiɗa dabararsa a bar shi a sarari, domin wanda bai ji yadda aka ɗana tarko ba ba zai ji daɗin kamun ba. Muryar mai ba da labari ita kuma ta zauna daidai, kada tsamin ya zubo cikinta.

Da me ake buɗewa, da me ake rufewa?

Mai labari ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku", masu sauraro su amsa "Ta zo mu ji ta". Ba a ci gaba sai an amsa, don amsar ce ke nuna an nutsu. A ƙarshe a ce "Ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya". Lafazin yakan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, Kano da Sakkwato da Damagaram ba lallai su faɗa iri ɗaya ba, kowa ya riƙe na gidansu. Lokacinta dare ne bayan an ci tuwo, shi ya sa ake tsoratar da yara da cewa mai tatsuniya da rana zai ɓata.

Ba ya koya wa yara ƙarya da cuta kuwa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma masu yin ta ba su yi laifi ba. Amma maganin da wasu ke kawowa, wato su sa Gizo ya tuba a ƙarshe ya zama mutumin kirki, yana kashe tatsuniyar kuma ba ya gyara yaron. A tsoffin labaran hukuncin na cikin abin da ya faru: ya mari 'yar tsanar danƙo don ta ƙi amsa gaisuwa, hannu ya manne, ya kai ɗaya hannun, ya kai ƙafa, gari ya waye mai gona ya same shi. Yaro ya ga sakamakon da idonsa. Sannan rabin darasin yana kan waɗanda aka yaudara ne: Kura kwaɗayinta ya kai ta, Zaki son yabo. Yaron da ya gane yadda aka kama su ya koyi kada a kama shi. Abin da ya fi wa'azi amfani shi ne a tambayi yaran bayan an rufe: a ina Giwa ta yi sake?

Gizo da Ananse na Gana abu ɗaya ne?

Dangi ne. Ananse na Akan shi ma gizo-gizo ne mai wayo da kwaɗayi, kuma ya bi bayin da aka kwashe har Jamaika. Yarabawa kunkuru suka ba wannan matsayi. Labarai da dama suna yawo tsakaninsu, amma kowa da gidansa: Ananse na hulɗa da Nyame, ubangijin sama a addinin Akan, Gizo kuwa fadar sarki da kasuwa da gona ne filinsa. Hausawan zango sun daɗe da kai Gizo Gana. Tatsuniyoyin da wani Bature mai suna R. S. Rattray ya buga a 1913 wani Malam Shaihu ne ya rubuta masa su da ajami a can. Wani Baturen, Frank Edgar, shi ma ya tara nasa a Arewacin Najeriya cikin juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913, kuma mai neman tsofaffin ƙauli zai same su a nan.

Idan yaran sun riga sun san labarin fa, suna ta gyara wa mai faɗa?

A bar su. Sanin ƙarshen ba ya rage komai, domin yadda za a kai can suke jira. A ba su aikin yi: su rera waƙar da ke ciki duk lokacin da ta dawo, su faɗi dabbar da za ta shigo gona bayan kare, su ƙirga ƙwan kada tare da Gizo. Abin da za a iya sauyawa shi ne ado, kamar sunan gari, irin abincin, ko tsawon kirarin Zaki. Jerin dabbobi da sharaɗin abin al'ajabi da hanyar tsira kuwa a bar su yadda suke, in an taɓa su yaro ɗan shekara 6 ma zai tsayar da labarin ya ce ba haka kakarsa ta faɗa ba.