Waya da kwamfuta a aji: tambayoyin masu shirin zama malamai a Kano

Ina cikin masu karatun NCE, wato takardar shaidar malanta, a nan Kano, kuma duk lokacin da koyarwar gwaji ta matso, tambayoyin nan ne ke yawo a bakinmu. Ga amsoshin da na gamsu da su.

Da gaske na'ura tana sa yara su mai da hankali?

Tana jan ido, wannan ba musu. Ka kunna bidiyo a gaban 'yan JSS 1, aji zai yi tsit. Sai dai yaro yana iya zuba ido minti goma ya tashi bai riƙe komai ba, in ba a ba shi abin da zai nema a ciki ba. Ɗauki darasin husufin wata. Yaran Kano sun saba jin "rana ta kama wata", to daga nan za ka fara: me ke rufe hasken? Ka bar su su yi ta hasashe, ka rubuta amsoshinsu a allo, har da na kuskure. Sannan ka nuna bidiyo na minti biyu, ka tsayar da shi daidai inda inuwar duniya ta fara hawa kan wata. Ka fito da yara uku, ɗaya da tocila, ɗaya da ƙwallo, ɗaya da lemo, su gwada abin da suka gani. A darasi mai minti 40, na'urar ba ta ci ko biyar ba, amma kowa yana son ya ga ko hasashensa ya yi daidai.

Aji ya cika maƙil, ga babu wuta. Ina amfanin na'ura?

Cunkoso da ƙarancin kayan aiki ba ɓoyayyen abu ba ne, gwamnatin jiha ma ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024. A irin wannan aji murya ta fi hoto kaiwa nesa. Na layin baya ba zai ga fuskar waya ba, amma zai ji ƙaramar sifika, ko furucin Turanci ne ko karatun Larabci. Da murya aka yi ta koyarwa ta rediyo lokacin da korona ta rufe makarantu a 2020. Ka sauke komai tun daga gida, ka zo da cikakken caji. Gwaje-gwajen kimiyya na PhET da ake yi a kan waya ko kwamfuta, na Jami'ar Colorado da ke Amurka, kyauta ne kuma suna aiki babu intanet in an sauke su.

To in haka ne, kwamfuta ba dole ba ce?

Dole ce. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, kuma WAEC ta fara hakan ga masu rubutawa daga waje a 2024. Abin da ke ci mini rai shi ne yarinya mai ƙoƙari ta fara taɓa kwamfuta ranar jarrabawa, lokaci na tafiya tana neman inda za ta danna. Zana kwamfuta da alli ba ya magance wannan. In makaranta na da ko guda biyar, a daina kulle su don tsoron lalacewa, a raba yara rukuni-rukuni, hannun kowa ya kai.

A bar ɗalibai su zo da wayoyinsu?

A ƙaramar sakandare ban goyi baya ba. Wani yana da ita, wani ba shi da ita, kuma malami ɗaya ba zai iya sa ido kan wanda ya zarce TikTok ba. Fargabar iyaye tana da hujja. Malamin gwaji ma baƙo ne, sai ya nemi izinin shugaban makaranta kafin ya fito da tasa wayar, kuma kada ya ɗora hoton ɗalibi a Facebook ba da yardar iyayensa ba.