Waiwaye: Daga dala 130 ta Superman zuwa rigimar haƙƙin masu labaran zane

A watan Maris na 1938, wasu samari biyu 'yan birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, suka sayar wa kamfanin Detective Comics shafi 13 na labarin wani gwarzo da suka ƙirƙiro, Superman. Aka ba su dala 130, suka sa hannu cewa gwarzon ya zama na kamfani dungurungum. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi, in ji masu iya magana, kuma tun daga ranar rigimar ba ta kwanta ba a harkar mujallun labaran zane.

A idon shari'a ba cuta aka yi musu ba, ciniki ne. Mujalla ce ta senti 10 da yaro zai karanta ya yar, wa ya kawo wa ransa fim da kayan wasa? Da suka kai ƙara a 1947, kotu ta tabbatar wa kamfani Superman, aka sallame su daga aiki, aka kuma goge sunayensu daga mujallar. Sai a 1975, ana shirin fim ɗin Superman da ya fito a 1978, bayan masu zane irin su Neal Adams da Jerry Robinson sun kai kukan ga 'yan jarida, Warner, uwar kamfanin da ke buga Superman, ya amince da ba kowannensu dala 20,000 duk shekara tare da maido da sunayen. A lokacin idon Shuster ya kusa tafiya.

Abin lura shi ne, ba alƙali ne ya ƙwato musu wannan ba, gudun abin kunya ne. Haka zancen ya riƙa maimaituwa.

Dokar Amurka ta bambanta wanda ya ƙirƙiri abu ya sayar da wanda aka ɗauka ƙwadago. Na farko, dokar 1976 ta ba shi ko magadansa damar karɓe haƙƙin tsohon aiki bayan shekara 56. Na biyu ba shi da ta cewa, domin kamfanin da ya biya shi ne doka ta sani a matsayin mai aikin. A kan wannan gaɓa magadan Jack Kirby suka faɗi. Kirby ne ya zana Fantastic Four a 1961 da wasu gwarazan kamfanin Marvel da dama tare da marubuci Stan Lee, sau da yawa ma shi ke tsara tafiyar labarin kafin a sa wa mutanen magana a baki. Disney na sanar da sayen Marvel kan kusan dala biliyan 4 a 2009, magadan suka nemi haƙƙinsu. Kotuna biyu suka ce ƙwadago ne. Amma a Satumban 2014, ana saura kwanaki Kotun Ƙoli ta duba ko za ta saurari ƙarar, Marvel ya sasanta da su, ba a bayyana sharuɗɗan ba.

Bill Finger kuwa, wanda ya yi kaso mai tsoka na ƙirƙirar Batman, ya rasu a 1974 sunan mai zane Bob Kane kaɗai ake bugawa. Sai 2015 aka haɗa da nasa.

An ɗan samu sauƙi a farkon shekarun 1980, da DC (wato Detective Comics) da Marvel suka fara ba ma'aikata kaso idan ciniki ya haura wani adadi. Kaso dai ba mallaka ba ne. Shi ya sa a 1992 fitattun masu zane bakwai, ciki har da Todd McFarlane da Jim Lee, suka bar Marvel suka kafa Image Comics bisa sharaɗin cewa mai aiki shi ke da aikinsa. A nan The Walking Dead ya fito a 2003. Da ya zama shirin talabijin kuɗi suka shigo, sai ga Tony Moore, wanda ya zana fitowa shida na farko, ya maka marubucin, abokinsa tun ƙuruciya Robert Kirkman, a kotu a 2012. Su ma a wajen kotu suka sasanta, ba a bayyana nawa aka biya ba.