Yawon buɗe ido a ƙasashen 'yan asalin Ostireliya ta babbar hanyar Stuart

Yawon buɗe ido na al'adun Aborijin harka ce da baƙo ke shiga ƙasar wata al'umma ta 'yan asalin Ostireliya, ya ga duwatsunta da zane-zanenta da abincin dajinta, bisa jagorancin masu ƙasar ko da izininsu. Inda harkar ta fi ƙarfi shi ne Yankin Arewa na Ostireliya (Northern Territory), wanda 'yan asali suka kai kusan kashi 30 cikin 100 na mutanensa, alhali a ƙasar baki ɗaya ba su cika kashi 4 ba. Da yake wuraren sun yi wa juna nisa ƙwarai, kuma masauki yana da tsada, baƙi da yawa kan ɗauki hayar mota mai ɗakin kwana, wadda ke da gado da murhun gas da ƙaramin firji da tankin ruwa, su kama hanya. Kamfanonin haya irin su Britz da Maui da Apollo suna tallata tafiyar a matsayin 'yanci: ka tsaya inda ka so, ka kwana inda dare ya same ka. A Yankin Arewa maganar ba haka take ba, domin kusan rabin ƙasar mallakin 'yan asali ce a doka.

Hanyar da motar

Babbar hanyar Stuart ta tashi daga Port Augusta a kudu ta dire Darwin a bakin tekun arewa, tsawonta ya haura kilomita 2,700. An sa mata sunan John McDouall Stuart, Baturen da ya ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa a 1862, kuma sai a 1987 aka gama shimfiɗa mata kwalta. Masu gajeren hutu sun fi ɗaukar mota a Alice Springs, garin da ke ƙasar al'ummar Arrernte, su ajiye ta a Darwin, tafiyar kimanin kilomita 1,500.

Ana tuƙi ne ta hannun hagu. Tsakanin gidan mai da gidan mai akan yi tafiyar sa'o'i, saboda haka mai hankali ba ya wuce famfo da rabin tanki. Manyan motocin kaya masu jan tirela uku ko huɗu kan kai tsawon mita 53, kuma wuce su yana son doguwar hanya miƙaƙƙiya. Da magariba da asuba kangaru da shanu da raƙuman daji kan fito kan titi, shi ya sa matafiya ke yada zango tun da sauran rana. A gidajen mai na tsakiyar ƙasar akan tarar da fetur mai suna Opal, wanda aka fara sayarwa a 2005. An rage masa sinadarin da ke sa maye, don magance shaƙar fetur da ta addabi matasa a wasu ƙauyuka.

Dokar ƙasa da izinin shiga

Tushen komai shi ne dokar 'yancin mallakar ƙasa ta 1976, wadda ta bai wa 'yan asalin Yankin Arewa damar karɓar ƙasashensu idan sun tabbatar da alaƙarsu ta gado da su. Shiga irin wannan ƙasa sai da rubutaccen izini, kuma majalisun ƙasa ne ke bayarwa, musamman ta tsakiya da ke Alice Springs da ta arewa da ke Darwin. Manyan tituna ba sa buƙatar izini, amma da an saki kwalta sai a duba. Hanyar Mereenie, wadda ta haɗa gandun dajin Watarrka da tsaunukan da ke yamma da Alice Springs, tana son takardar wucewa, kuma ta burji ce, yawancin kamfanoni ba sa yarda a bi ta da motar da ba ta jan ƙafa huɗu. Ƙauyuka da dama sun haramta shiga da giya. Idan aka yi rasuwa ko ana wani bikin gargajiya, ana iya rufe hanya ko wuri na kwanaki ba tare da an yi wa baƙo dogon bayani ba.

Uluru

Nan ne aka fi ja-in-ja tsakanin son ran baƙo da dokar masu gida. Uluru jan dutse ne mai tsayin mita 348, kewayensa ya haura kilomita 9, yana da nisan kusan kilomita 450 daga Alice Springs. A 1873 William Gosse ya laƙaba masa suna Ayers Rock. Masu shi su ne Anangu, masu magana da Pitjantjatjara da Yankunytjatjara, kuma rayuwarsu tana tafiya ne bisa Tjukurpa, wato doka da labarin halitta da ilimin ƙasa a haɗe. Kowane tsagi da kogo a jikin dutsen yana da labarinsa, wasu na maza ne zalla, wasu na mata.

Ranar 26 ga Oktoba 1985 gwamnatin tarayya ta mayar wa Anangu da takardar mallaka, da sharaɗin su ba ta hayar wurin na shekara 99. Tun daga lokacin ake gudanar da gandun dajin da dutsen ke ciki tare, kuma Anangu ne ke da rinjaye a hukumar gudanarwa. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1987 saboda yanayinsa, ta ƙara a 1994 saboda al'adarsa.

Shekara da shekaru akwai allo a gindin dutsen yana roƙon baƙi kada su hau, ga kuma sarƙar hawa kafe a gefensa. Hanyar hawan ta bi sawun da Tjukurpa ta ce kakannin da ake kira Mala sun bi, kuma fiye da mutum 35 sun mutu a kai, abin da ke damun Anangu matuƙa, don suna ganin alhakin baƙo yana wuyansu. A Nuwamba 2017 hukumar, ƙarƙashin shugabanta Sammy Wilson, ta yanke a rufe, aka kuma rufe ranar 26 ga Oktoba 2019. Watannin ƙarshe ba su yi kyan gani ba: jama'a suka yi tururuwa don hawan bankwana, zangon Yulara, garin masaukin baƙi da ke kusa da dutsen, ya cika maƙil, masu motocin kwana suka riƙa yada zango a gefen titi da filayen mutane, wasu har da zubar da ƙazantar ban-ɗakin motarsu a daji.

Yanzu abin da baƙo ke yi shi ne ya zagaya gindin dutsen a ƙafa, kimanin kilomita 10, ko ya bi ma'aikatan gandu a tattakin Mala na safe, wanda kyauta ne. A wasu wurare akwai alamar hana ɗaukar hoto. Masu motar kwana ba sa yada zango cikin gandun, sai a Yulara. Cibiyar al'adu da aka buɗe a 1995 tana da shagunan masu sassaƙa da zane, ciki har da na Maruku, ƙungiyar da Anangu suka mallaka. Wani abin mamaki shi ne har yau ofishin gandun na samun ƙunshin tsakuwa ta gidan waya daga baƙin da suka ɗauka suka tafi da ita, tare da wasiƙar neman afuwa.

Arewa

Daga Alice Springs zuwa sama, hanya tana bi ta Karlu Karlu, tarin dunƙula-dunƙulan duwatsu da aka mayar wa masu su a 2008. Kusa da garin Katherine akwai Nitmiluk, jerin kwazazzabai 13 da al'ummar Jawoyn suka karɓa a 1989. Wannan na cikin misalan da suka fi tsayawa da ƙafafunsu, domin kamfanin da ke ɗaukar baƙi a jirgin ruwa na Jawoyn ne da kansu.

Gandun dajin Kakadu, gabas da Darwin, ya kusan kai murabba'in kilomita 20,000, wato daidai da faɗin Jihar Kano. Masu shi ana kiransu Bininj a arewa, Mungguy a kudu. A Ubirr da Burrungkuy akwai zane a jikin dutse na kifi da kunkuru da ake ganin ƙashi da kayan cikinsu, a wasu kogunan yankin kuma har da jiragen ruwa da bindigogin Turawa, alamar ba a daina zanen ba bayan zuwan baƙi. Binciken da aka wallafa a 2017 kan kogon Madjedbebe ya kai zaman mutane a wurin zuwa shekara 65,000, ko da yake wasu masana na jayayya da adadin. Gudanarwar haɗin gwiwa a nan ta sha tsami: rikicin wata hanyar ƙafa da hukumar gandun daji ta gina kusa da wuri mai tsarki a Gunlom sai da ya kai babbar kotun ƙasar a 2024.

Lokacin tafiya shi ne rani, daga Mayu zuwa Oktoba. Da damina ruwa kan shanye hanyoyi, kuma kadoji suna ko'ina a rafukan arewa, ba a wanka sai inda aka ba da dama. Mai son shiga Arnhem Land, ƙasar 'yan asali da ke gabas da Kakadu, sai ya ƙetare mashigin Cahills da izini a hannu, ya kuma duba lokacin cikar teku, don ruwan kan rufe mashigin.

Kuɗin da kayan jabu

Yawan baƙi bai nufin kuɗi na shiga aljihun masu ƙasa. Mai motar kwana kan yi cefanensa a babban kanti a Alice Springs, ya dafa da kansa, ya wuce. Abin da ke isa ƙauye shi ne kason kuɗin shiga gandu, da ladan jagora, da cinikin zane. A nan ma akwai ɓaraka. Rahoton hukumar binciken tattalin arziki ta gwamnati na 2022 ya nuna biyu cikin uku na kayan tsaraba masu kama da aikin 'yan asali ba su da wata alaƙa da su. A 2019 kotun tarayya ta ci kamfanin Birubi Art tarar dala miliyan 2.3 ta Ostireliya saboda sayar da kayan da aka yi a Indonesiya da sunan aikin Aborijin. Cibiyoyin zane na al'umma, irin su Papunya Tula da aka kafa a 1972 da Injalak da ke Gunbalanya, kan haɗa zane da takardar da ke ɗauke da sunan mai zanen da yankin da ya fito.