Takardar auna tsoron faɗuwa: me ya sa muke maimaita wa Baba tambaya?

Jama'ar Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago, musamman masu jinyar iyaye a gida, assalamu alaikum.

Bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu, akwai matsalar da hoton ƙashi ba ya nunawa, wato tsoron faɗuwa. Sai ka ga dattijo yana takawa lafiya lau a gabanmu, mu masu gashin ƙashi, a ɗakin gashi, amma a gida ya daina zuwa masallaci, wanka ma sai an yi da gaske. Yawan zama ya cinye ƙarfin cinya, ƙafa ta daina riƙe shi, abin da yake gudu ya same shi a tsakar ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 abin ya fi ɗauka.

Shi ya sa muke auna tsoron da takarda. Mary Tinetti ta Jami'ar Yale a Amurka ce ta fitar da mai tambaya 10 a 1990. A 2005 masana a Turai suka faɗaɗa ta zuwa tambaya 16, ita ce ake kira FES-I, tana tambayar yadda mutum ke damuwa da faɗuwa wajen abubuwa kamar: wanka, sa tufafi, hawa bene, tafiya cikin cunkoso, zuwa wurin ibada ko taron dangi. Kowace amsa maki 1 zuwa 4 ce, jimla daga 16 zuwa 64. Wanda ya kai 28 ko sama, damuwarsa ta yi yawa.

To amma takardar da aka ɗinka wa dattijon Turai ba lallai ta zauna wa namu daidai ba. Wata irinta, ABC, da aka yi a Kanada a 1995, tana tambaya kan tafiya a kan ƙanƙara. Ina Hajiya ta ga ƙanƙara a Agege? Abin da ke tsinka mata zuciya shi ne banɗakin haya mai gansakuka, da bokitin ruwa a hannu. Da tsugunno, da tashi daga sujada, da katakon da aka ɗora kan kwata, da ɗaga ƙafa ta shiga danfo kwandasta na azalzala. A ganina, takardar da ba ta san waɗannan ba rabin labari take ji.

Don haka ake tantance ta kafin a dogara da ita. Wani ya mayar da ita Hausa, wani daban ya sake mayar da ita Turanci, a gani ko ma'ana ta kauce. Sai a karanta wa majinyata, a dawo bayan 'yan kwanaki a maimaita. Idan makin ya yi tsalle alhali jikin bai canja ba, laifin takardar ne. Sannan a gwada makin da abin da ido ya gani: mutum ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, muna riƙe da agogo.

Nan ne muke neman taimakonku. Idan an tambayi Baba, kada ɗa ya yi caraf ya ce "ai ba ya tsoron komai". Kunya ba za ta bari dattijo ya ƙaryata ɗansa ba, balle ya ambaci tsoro a gaban suruka. Ku ɗan ba mu wuri. Ku kuma iyayenmu, "Alhamdulillahi" gaskiya ce, amma a ƙara mana da bayani, domin daga amsarku muke sanin ko motsa ƙafa za a ƙara, ko sanda ake bukata, ko kujerar wanka.

Wanda bai iya karatun boko ba za a karanta masa, kuma yana da damar cewa ba ya so, ba abin da zai taɓa jinyarsa. Masu zuwa gashi (fisiyo) a asibitocin koyarwa na LUTH da LASUTH ko asibitin ƙashi na Igbobi, ku taho da duk magungunan da ake sha, domin wasu na hawan jini da na barci suna sa jiri.