Ƙwannafi da magungunansa da ake saye ba sai da takardar likita ba

Ƙwannafi, wasu kuma su ce ƙwarnafi, shine wannan zafin da yake tasowa daga saman ciki ya bi ta bayan ƙashin ƙirji, wani lokacin har ya iso maƙogwaro ya bar wa mutum tsami ko ɗaci a baki. Yawanci bayan an ci abinci yake zuwa, ko in mutum ya kwanta ko ya sunkuya. Kusan kowa ya taɓa jin shi, kuma maganin shi yana cikin waɗanda aka fi saye a kantin magani a duniya, amma magungunan nan kala-kala ne kuma kowanne da irin aikin shi, wanda ya haɗa su a kwando ɗaya shine zai sha ya ce bai ga amfani ba alhali ba maganin ne ya gaza ba.

Me ke kawo shi

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi sosai dan narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cuta, kuma shi tumbin an yi mishi rufi na majina da ke kare shi. Bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa tumbi ba shi da wannan kariyar. A daidai inda suka haɗu akwai wata tsoka kamar zobe wadda take buɗewa abinci ya wuce sannan ta tsuke, toh idan ta yi sako-sako ko ta buɗe ba lokacin buɗewa ba sai asid ɗin ya dawo sama ya ƙona bututun. Ƙiba, juna biyu, shan taba, giya, cika ciki da yawa, abinci mai maiƙo ko yaji, kofi da cakulan duk suna iya jawo haka, haka ma in saman tumbi ya zame ya shige cikin ƙirji. In abin ya zama sau biyu ko fiye a kowane sati likitoci suna ɗaukar shi a matsayin ciwo mai zaman kanshi, wanda a taƙaice suke kira GERD.

Masu kashe tsamin nan take

Waɗannan su ake kira antasid, na tsotsa ko taunawa ko na ruwa mai kama da madara. Ba sa hana tumbi yin asid, wanda yake ciki kawai suke kashe wa kaifi, shi yasa cikin ƴan mintuna mutum zai ji sanyi amma kuma ba sa daɗewa, in ciki ba komai bai wuce rabin awa zuwa awa ɗaya ba, in an sha bayan abinci ne ya ɗan fi jimawa. Sinadaran ciki yawanci kalsiyam ne ko magnisiyam ko alminiyam ko kuma bakabonet na sodiyam. Magnisiyam yana sa gudawa, alminiyam da kalsiyam suna sa bayan gida ya yi tauri, dalilin da yasa kamfanoni ke haɗa magnisiyam da alminiyam a kwalba ɗaya kenan dan su daidaita juna. Mai sodiyam ɗin shi kuma yana tara iska a ciki a yi ta gyatsa, kuma gishirin shi yana da yawa, bai dace da mai hawan jini ko ciwon zuciya ba. Mai ciwon ƙoda ya kiyayi masu magnisiyam da alminiyam dan jikin shi ba ya iya fitar da su, taruwa suke yi.

Akwai ɗan'uwansu aljinet, wanda ake samu daga ciyawar teku, shine a cikin Gaviscon. Na shi aikin daban ne kuma gaskiya dabara ce mai kyau, in ya haɗu da asid sai ya zama wani kumfa mai kauri ya yi ta yawo a saman abin da ke cikin tumbi kamar murfi, ko da wani abu zai taso to kumfar ce za ta fara tasowa. Bayan abinci da lokacin kwanciya ake shan shi, wanda ya sha kafin ya ci abinci ya ɓata aikin.

Masu rage asid na ƴan awanni

Rukuni na biyu su ake ce wa masu tare H2. Sinadarin histamin yana daga cikin masu ba ƙwayoyin tumbi umarnin su fitar da asid, su kuma waɗannan magungunan suna toshe inda umarnin ke shiga, wajen da ake kira H2. Na farkon su simetidin ne, wanda ya fito kasuwa a Ingila a 1976 da sunan Tagamet, kuma James Black da ya jagoranci binciken ya samu kyautar Nobel a 1988. Kafin zuwan simetidin da yawa daga masu gyambon ciki tiyata ce ƙarshen su. Daga baya ranitidin ya zo a 1981 da sunan Zantac ya karɓe kasuwa shekara da shekaru, sai a watan Afrilu 2020 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a janye shi gaba ɗaya saboda an samu wani gurɓataccen sinadari NDMA a ciki wanda ake zargin yana kawo kansa, kuma yana ƙaruwa in maganin ya daɗe a ajiye ko ya sha zafi. Duk wanda ke da tsohon ranitidin a gida kar ya sha.

Yanzu famotidin ne ya fi yawo, ana samun shi da sunan Pepcid, miligiram 10 ko 20. Yana ɗaukar kamar awa ɗaya kafin ya kama, sannan ya riƙe har awa 10 zuwa 12, dan haka ya dace da wanda ya san tabbas abincin da zai ci zai tayar mishi, ko wanda ƙwannafin dare ke hana barci. Matsalar shi in ana sha kullum jiki yana sabawa, bayan ƴan kwanaki ƙarfin sai ya ragu.

Masu rufe famfon asid

Su ne mafi ƙarfi, kuma su aka fi yin kuskure a kansu. Omefrazol ne babban su, kamfanin Astra na ƙasar Suwidin ya fito da shi a 1988 da sunan Losec, a Amurka kuma sai 2003 aka yarda a sayar da shi ba takardar likita. Ƴan'uwan shi sun haɗa da esomefrazol da lansofrazol da fantofrazol. A bangon tumbi akwai wasu ƙananan famfuna da ke tura asid, maganin yana maƙale musu ne ya kashe su, sai jiki ya ƙera sababbi kafin asid ya dawo yadda yake.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shine wannan maganin ba na gaggawa bane. Mutum zai ji ƙirji na ci da wuta ya haɗiyi omefrazol ɗaya ya zauna yana jira, ba zai ji komai ba, dan yana ɗaukar kwana 1 zuwa 4 kafin ya kai cikakken ƙarfin shi, kuma famfon da ya tashi aiki kawai yake iya kamawa, shi yasa ake shan shi da safe minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, abincin ya tada famfunan daidai lokacin da maganin ya shiga jini. Miligiram 20 sau ɗaya a rana, a haɗiye shi ɗungurungum da ruwa, ba a taunawa ba a dakawa dan an yi mishi rufi ne da zai kare shi daga asid ɗin tumbi har ya wuce hanji. An yi shi ne dan mai yawan ƙwannafi, kwana biyu ko fiye a sati.

Kwana 14 ne iyakar abin da mutum zai sha da kanshi, kuma takardar da ke cikin kwalin a Amurka ta ce kar a maimaita sai bayan wata 4 in ba likita ne ya ce ba. Wannan iyakar tana da dalili. Shan shi na dogon lokaci an alaƙanta shi da ƙarancin magnisiyam da bitamin B12 a jiki, da saurin karayar ƙashi, da wata muguwar gudawa ta ƙwayar cutar hanji. Sannan wanda ya daɗe yana sha in ya tsaya lokaci ɗaya asid yakan dawo da ƙarfi fiye da da na ɗan lokaci, sai ya ɗauka ciwon ne bai warke ba ya koma sha, haka wasu suke shafe shekaru a kai ba wanda ya taɓa duba su. Akwai waɗanda lallai suna buƙatar shi na dindindin, amma wannan hukuncin likita ne.

Haɗuwa da wasu magunguna

Antasid yana riƙe wasu magungunan a ciki ya hana jiki zuƙar su, irin su tetirasaikilin da sifrofuloksasin masu kashe ƙwayoyin cuta, da ƙwayar ƙarin jini da maganin maƙoƙo lebotairoksin, sai a bar aƙalla awa 2 tsakani, wasun su ma har 4. Simetidin yana ƙara wa wafarin, maganin tsinka jini, ƙarfi, abin da ka iya jawo zubar jini. Omefrazol da esomefrazol kuma suna rage aikin kulofidogirel, maganin da masu ciwon zuciya ke sha dan kar jini ya daskare. A ɗaya ɓangaren asfirin da ibufurofen da daikulofenak su kansu suna tada ƙwannafi kuma suna cin bangon tumbi, abin takaici wasu magungunan ciki masu kumfa a ruwa akwai asfirin a cikin su, har FDA ta yi gargaɗi a kai a 2016, dan haka a karanta jikin kwali.

Mai juna biyu ƙwannafi yakan dame ta musamman a watannin ƙarshe. Aljinet da antasid mai kalsiyam su aka fi ba su, bakabonet kuma a bar shi, sauran sai an tambayi likita ko ungozoma.

Magani yana fin aiki in an taimaka mishi. A bar awa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, a ɗaga gadon ta wajen kai da santimita 10 zuwa 20, tara filo ba ya yi dan lanƙwasa ciki yake ya ƙara matse shi, a kwanta ta gefen hagu, mai ƙiba ya rage, mai taba ya daina.

Lokacin da ba na kantin magani bane

Wannan ne wajen da ya fi komai muhimmanci. Magungunan nan suna iya kwantar da zafi su bar babbar cuta tana ci a ɓoye. In abinci yana tsayawa a ƙirji ko haɗiya na zafi, ko mutum yana ramewa ba dalili, ko yawan amai, ko aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, asibiti za a je ba tare da jira ba. Haka wanda ya haura shekara 55 abin ya fara mishi sabo, da wanda ya gama kwana 14 ɗin bai ji sauƙi ba. Asid ɗin da ya shekara yana wanke bututun abinci yana iya sa shi ya tsuke, ko ya canza mishi fata, abin da ake kira ciwon Barrett, wanda a wasu ƴan kaɗan yake rikiɗewa ya zama kansa.

Bugun zuciya, wato ciwon zuciyar da ke kama mutum farat ɗaya, shi ma yana zuwa da kamannin ƙwannafi, musamman ga mata da tsofaffi da masu ciwon suga. Ciwon ƙirji mai nauyi kamar an ɗora dutse, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi ko baya, ga zufa ga numfashi sama-sama, wannan ba a gwada mishi antasid a ga ko zai lafa, a nemi agajin gaggawa nan take.

In an je asibitin a gaya wa likita duk abin da aka sha da tsawon lokacin da aka ɗauka ana sha. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a tumbi, helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna ita ce ke kawo yawancin gyambon ciki, kuma omefrazol da ƴan'uwan shi suna iya sa gwajin ta na numfashi ko na bayan gida ya nuna babu alhali tana nan, shi yasa ake cewa a ajiye su sati 2 kafin ranar gwaji.